Waifa na aiki amma ruwa ba ya fesawa a gilashi, in canza famfo ne?

"Assalamu alaikum Oga. Dan Allah ina da tambaya. Ina da Corolla 2005 'yar Kwatano, kuma kusan kullum ina kan hanyar Zariya zuwa Kaduna saboda aiki. Yau wajen sati 3 kenan in na ja sandar waifa don ruwa ya fesa a gilashi, waifa na motsi amma ruwa ba ya zuwa. Kafin ya tsaya gaba ɗaya ya fara ne da rauni, ɓangaren direba ya daina, na fasinja yana ɗan tsartuwa, daga baya shi ma ya ɗauke. Tankin a cike yake, ni da kaina nake zuba ruwan rijiyar gidanmu da ɗan Omo. Wani yaro a gareji yace famfo ne ya mutu in kawo kuɗi a sa sabo. In canza ne ko akwai abin da zan duba tukuna? Daga Samaru nake."

Wa alaikumus salam Malam. Bari in maimaita abin da ka faɗa don in tabbatar na gane: waifa lafiya lau take sharar gilashi, tanki akwai ruwa, feshin ne kawai babu, kuma ba rana ɗaya ya ɗauke ba, sai da ya yi ta raguwa, na direba ya riga tsayawa sannan na fasinja ya bi shi. Kuma ruwan rijiya da Omo kake zubawa. Toh gaskiya tun kafin in gama karantawa hankalina ya tafi wajen toshewa, ba mutuwar famfo ba, don haka kar ka ba da kuɗin nan tukuna. Ba wai ina cewa yaron na son ya cuce ka bane, yawancinsu haka aka koya musu, abu ya daina aiki a cire a sa wani. Amma ni aikina kenan, rewaya nake yi a Sabon Gari shekara da shekaru, kuma motocin da ake kawo min da irin wannan ƙorafin, waɗanda famfonsu ya mutu da gaske su ne suka fi ƙaranci, sauran ko datti ne ko tiyo ko fiyus.

Abin da yasa na faɗi haka, famfo ɗaya ne ke ba nozul ɗin nan biyu ruwa, wato 'yan bakunan da ke kan bonet masu fesa ruwa a gilashi. In ya ƙone, lokaci ɗaya duka biyun za su ɗauke, yau akwai gobe babu. Amma abin da ke raguwa a hankali a hankali, wannan ya toshe, wancan ya biyo baya, wannan halin datti ne. Sai dai zan faɗa maka gaskiya, famfon da ya tsufa ya rasa ƙarfi shi ma yakan sa nozul ɗin da ya fi nisa da tanki ya fara gazawa, kuma a motarka tankin na ɓangaren fasinja, kaga na direba ne na nesa. Shi yasa ban yanke hukunci ba, sai mun gwada.

Kuma dan Allah kar ka ɗauki abin nan da wasa tunda kace kullum kana kan hanyar Kaduna. Mutane na ganin ruwan gilashi kamar ado ne, alhali ruwan sama mai ƙarfi ba shi ne matsala ba, shi yana wanke gilashi da kansa. Matsalar ita ce yayyafi, ko bayan an ɗauke ruwa titi na jiƙe, ka shiga bayan tirela ta watso maka taɓo, ka taɓa waifa ta shafe maka shi kamar an yi yaɓe. Ya taɓa faruwa da ni da magariba muna dawowa, daidai wajen Jaji, motar wani kwastoma ce na karɓo ban duba tankin ba, na ja sandar babu ko ɗigo, gilashi ya koma ja, fitilun masu zuwa suna tarwatsewa a kai, sai da na sauke gilashin gefe na leƙo kaina sannan na samu na gangara gefen titi, jikina na rawa. Ka yi lissafi, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa 3 ba ka gani, ka ci fiye da mita 80 a makance. Ga kuma ƙwari da shinge da ke fashewa a gilashi da dare farkon damina, ga ƙurar hunturu wadda in ka share ta a bushe yashin cikinta ke zana gilashi ya cinye robar waifa.

Yadda abin yake

Ba wani abu mai wahala bane. Akwai tanki na roba, a Corolla ɗinka wuyansa kawai kake gani in ka buɗe bonet, jikinsa na can ƙasa gaban tayar gaba ta ɓangaren fasinja, bayan bamba. A gindin tankin an cusa ɗan famfo, wasu na ce masa moto, bai kai girman dunƙulen hannu ba, yana aiki da wutar batir bolt 12. Inda aka cusa shi akwai roba mai hana yoyo, kuma a motoci da yawa robar nan tana da 'yar rariya mai tace datti. Daga famfon siririn tiyo ya tashi, ya bi ta gefen injin, ya hau bonet ta wajen mahaɗarsa, ya rabu biyu, kowanne ya tafi nozul ɗinsa. Wasu motocin suna da ɗan bawul a kan hanyar tiyon mai hana ruwa komawa tanki, don ka ja sandar ruwa ya fito nan take. Ta ɓangaren wuta kuma fiyus ne, sai sandar da ke jikin sitiyari, sai wayoyi da soket. Shikenan. Duk matsalar da za ka samu ko dai ta hanyar ruwa ce ko ta hanyar wuta, kuma kunnenka ne zai raba maka su.

Fara da kunnenka

Ka samu wuri shiru, ka murɗa ki fitilun dashbod su kawo amma kar ka tada injin, ka kashe rediyo da fanka. Ka sa wani ya ja sandar, kai kuma ka tsuguna wajen tayar gaba ta ɓangaren fasinja ka saurara. Kafin nan ka watsa wa gilashin ruwa da buta don kar waifa ta yi ta gurzar sa a bushe. Abin da kake nema wata 'yar ƙara ce zzzz kamar ta askar aski. A ja daƙiƙa 2 ko 3 a saki, kar a riƙe, don famfon nan ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, in aka yi ta juya shi babu ruwa zai yi zafi ya ƙone, kuma da yawan waɗanda suka ƙone ɗin haka suka ƙone, mai mota ya ga ruwa bai fito ba ya yi ta ja yana riƙewa.

In ka ji ƙarar nan, toh fiyus lafiya, sanda lafiya, waya lafiya, famfo na juyawa. Ka manta da maganar wuta. In kuma shiru, sai mu koma ɓangaren wuta, zan zo kansa a ƙasa.

In famfo na ƙara amma babu ruwa

Yayin da ake ja, ka leƙa ƙarƙashin motar. In ka ga ruwa na zuba ƙasa ko yana tsiyaya daga cikin bonet, tiyo ne ya cire ko ya fashe. Wurin da ya fi fashewa shi ne inda yake lanƙwashewa a mahaɗar bonet, saboda buɗewa da rufewa, ga zafin injin ga zafin rana ta bazara, robar sai ta bushe ta tsage. Sai kuma mahaɗin roban nan mai baki uku inda tiyon ya rabu, shi ma yana bushewa ya karye da an taɓa shi. Sannan ɓeraye. Wani bawan Allah daga Shika ya kawo min Vectra, ya ajiye ta wata biyu kusa da ɗakin da yake zuba masara, da muka ɗaga soson da ke manne a cikin bonet sai ga tiyon a gutsure wuri uku, ga ɓawon gyaɗa sun tara a lungun batir. In kana ajiye mota kusa da hatsi ko bola, ka fara zargin wannan. Haka kuma in an taɓa kai motar wajen mai bugun bodi ko fenti aka cire bonet ko bamba, sau da yawa sukan manta su mayar da tiyon, ko su matse shi.

In babu yoyo ko'ina, sai gwajin da ya fi kowanne amfani. Ka buɗe bonet ka zare tiyon daga gindin nozul, ko daga mahaɗin mai baki uku, a hankali, ka ɗan murza shi tukuna kar ka fizga. Ka nuna bakinsa gefe a ja sandar. In ruwa ya fito da ƙarfi yana tsartuwa nesa, toh famfo da tanki ba su da laifi, nozul ne suka toshe. In ya fito a raunane yana ɗiga, ko bai fito ba sam, toshewar na can baya, ko bawul ɗin kan hanya ko rariyar gindin tanki.

Maganar nozul, kowa allura yake ɗauka. Allura tana yi, amma ba ga kowane iri ba. Akwai mai ɗan ƙwallo a ciki da ƙaramar huda, wanda ke harba ruwa kamar zare, shi za ka iya sa siririyar allura ka ɗan sosa bakin, kuma da ita ake saita shi, ka sa ta a hudar ka ɗan karkata sama ko ƙasa. Ka saita ruwan ya sauka wajen tsakiyar gilashi ko sama kaɗan in mota na tsaye, don in kana gudu iska na danne shi ƙasa. Akwai kuma wanda ke baza ruwa kamar mafici, shi cikinsa akwai ƙananan hanyoyi da aka tsara, in ka cusa masa allura ka lalata shi, ba zai ƙara baza ruwa daidai ba. Kuma kar ka sa tsinken sakace, yana karyewa a ciki. Sannan ka sani allura tura dattin take yi ciki, bayan kwana biyu ruwa ya sake dawo da shi bakin hudar. Abin da nake yi shi ne in cire nozul ɗin gaba ɗaya, akwai 'yan kunnuwa a ƙasansa da ake matsewa ya fito, in jiƙa shi a ruwan khal mai ɗumi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, ruwan lemon tsami ma yana yi, sannan in hura masa iska ta baki ta fito ta gindi, wato akasin yadda ruwa ke bi. Wajen mai faci za ka samu iska, ko ka yi amfani da sirinji babba. Tiyon ma haka, a cire shi daga jikin famfo tukuna sannan a hura, kar a hura dattin ya koma tanki.

In ka ci karo da ɗan bawul ɗin nan a kan tiyo, cire shi ka hura da baki, ya kamata iska ta wuce ta gefe ɗaya ta ƙi wucewa ta ɗayan. In ta ƙi ta ko'ina ya maƙale. Kana iya haɗa tiyon kai tsaye ba shi kafin ka samu wani, illar kawai ruwa zai riƙa ɗan jinkiri kafin ya fito.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka take, gindin tanki. Sai an murɗa sitiyari, a kwance robar da ke saman taya ta ciki, wani lokaci ma a cire tayar don a samu sarari. A ajiye bokiti a ƙasa, a cire soket da tiyo, a zaro famfon, ruwan zai zubo gaba ɗaya. Ka tsaya ka ga abin da zai fito da idonka. Kwanakin baya na buɗe na wata Golf 3 ta haya da ke ɗaukar fasinja daga Kwangila, shi ma direban Omo yake zubawa shekara da shekaru, da na zaro famfon ruwan farko ya fito fari-fari, na ƙarshe kuma wani abu ne mai kauri da yauƙi kamar kokon da ya kwana, yana wari, rariyar ta liƙe ɗam ko huda ɗaya ba a gani, na sa farce na kankaro shi ya fito a dunƙule. Muka wanke rariyar da tsohon burushin haƙori, muka ɗauraye tankin da ruwan ɗumi sau huɗu sai da ya fito garau, muka mayar da famfonsa na da. Ruwa har saman rufin mota. Shi ma ya zo ne da kuɗin sabon famfo a aljihu.

Kaga in da an sa sabon famfo ba a wanke tankin ba, zai yi aiki sati ɗaya ko biyu ya sake toshewa, sai a ce maka ai famfon ne jabu, ka sake saye.

Akwai kuma lokacin da famfon ke ƙara, komai a wanke, amma ba ƙarfi. Nan fankar cikinsa ce ta cinye ko ta saki jikin ƙarfen da ke juya ta, moto na juyawa ita tana tsaye. Wannan kam sai canji.

In shiru ne babu ƙara

Fiyus za ka fara dubawa. Kar ka ce ai waifa na aiki don haka fiyus lafiya, a Toyota da yawa kowanne da nasa, na waifa an rubuta WIP, na ruwa WASH ko WSH, kuma akwatin na ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. Duba zanen da ke jikin murfin akwatin. Yawanci mai lamba 10 ne ko 15. In ya ƙone ka sa mai lamba ɗaya da wanda ka cire, kuma ina roƙonka kar ka bari a naɗa masa waya ko takardar sigari, abin nan ya ƙona wayarin motoci da yawa a garin nan. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, ko dai famfon ya ƙame yana jan wuta fiye da ƙima, ko waya ta goge tana taɓa bodi.

In fiyus lafiya, sai soket ɗin famfo. Wurin yana shan ruwa da taɓo daga taya, don haka sau da yawa za ka tarar da bakinsa ya yi kore ko tsatsa. A kankare a mayar, wani lokaci shikenan an gama. In ba haka ba a sa testa ko mita, wato abin auna wuta, a ƙafafun soket ɗin guda biyu a ja sandar, ya kamata a ga wajen bolt 12. Nan akwai wani abu da ke ruɗa yara masu koyo, a Toyota da yawa wuta tana nan a soket ɗin muddin ki na kunne, sandar ba wuta take bayarwa ba, nagetif take haɗawa, wato hanyar da wutar ke bi ta koma batir ta jikin bodi. Sai yaro ya sa testa tsakanin waya ɗaya da bodi, ya ga ta kawo, yace wuta na zuwa famfo ne ya mutu, alhali sandar ce ko wayarta ba ta haɗa nagetif ɗin. Shi yasa nace a auna tsakanin ƙafafun biyu. Gwaji na ƙarshe kuma wanda ba ya ƙarya, a jawo waya biyu daga batir a taɓa wa famfon kai tsaye na daƙiƙa ɗaya. Ya juya, matsalar na waya ko sanda. Bai juya ba, toh yanzu ne yaron ya yi gaskiya. Wani lokaci in ka ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba yana tashi, amma wanda ya kai ga haka kwanansa ya ƙare, ka nemi wani.

In ta kai ga saye, ka tafi da tsohon a hannu wajen masu kayan gyara, a gwada soket da bakin da ke shiga tanki su zo ɗaya, a taɓa shi a batir a gabanka. Ni a wajena na Beljiyam mai kyau ya fi min wasu sababbin na kwali masu arha. Ka sa a canza robar gindin ma in ta bushe, in ba haka ba za ka cika tanki da yamma ka wayi gari babu komai.

Ga masu Golf da Sharan da irinsu masu waifa a baya da ke karanta wannan, da yawansu famfo ɗaya ne mai baki biyu, in ya juya gaba ya ba gilashin gaba, in ya juya baya ya ba na baya. In aka musanya tiyon sai ka ja na gaba ruwa ya fito a baya. Wasu motocin kuma famfo biyu ne daban. Kuma in ka ga waya a jikin nozul na motar Jamus kar ka yanke ta kana zaton ta feshi ce, hita ce don ƙasashen da ruwa ke daskarewa.

Ruwan da kake zubawa

Nan ne asalin maganar Malam, don in ba ka canza wannan ba duk gyaran da aka yi zai dawo. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ƙasa mai laushi da kuma sinadaran nan da ke barin farin abu a gindin butar dafa ruwa. Abin da kake gani a butar shi ne ke taruwa a bakin nozul, ga huda kamar bakin allura, ga zafin bonet na busar da ɗigon da ya rage kullum. Sai kuma Omo. Garin sabulu ba ya narkewa duka, yana kwanciya a ƙasa daidai inda famfo ke zuƙa, ya haɗu da ƙasar rijiya da zafi ya zama yauƙin da na ba ka labari. Bayan haka yana busar da robar waifa, yana dusar da fenti inda ya gangara ya bushe, yana barin wani farin hazo a gilashi wanda da rana ba ka lura, da dare in fitila ta haska ka sai ka ga komai ya baje. Na san dalilin da yasa direbobi ke sa shi, ruwa zalla ba ya cire maiƙon hayaƙin tirela da ƙwari, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi shi.

In da hali ka sayi ruwan wankin gilashi na mota, ana samu a gidajen mai da shagunan kayan mota, wani a haɗe yake wani sai ka sirka yadda aka rubuta a jikin robar. Ba ka buƙatar na hana daskarewa, sanyin Zariya duk tsananinsa a Disamba da Janairu ba ya daskarar da tanki. Amma ka ajiye shi nesa da yara, da yawansu akwai metanol a ciki, guba ne, ga shi da launi mai kyau kamar lemon kwalba. Ruwan sirkawa kuma mafi kyau shi ne wanda ba shi da waɗancan sinadaran, kamar ruwan da ke ɗiga daga AC na gida ko ofis, ka tara a roba mai tsabta ka tace, ko ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku. Ruwan batir ma yana yi, amma ka tabbata farin ruwan ne ba mai asid ba. In duk babu, fiya wata ya fi na rijiya nesa ba kusa ba. In kuma dole sai ka sa sabulu, na ruwa, ɗigo biyu ko uku a tanki guda, ba ka matsa rabin roba ba. Kar ka haɗa kala biyu na ruwan wanki a tanki ɗaya, wasu in suka haɗu suna yin kauri. Kuma a wajen wankin mota ka hana yara juye maka ragowar ruwan bokitinsu a tanki, suna yi da niyyar kyautatawa amma yashi ne zalla.

Ka duba murfin tankin ma. Rabin motocin da ke zuwa wajena ba su da shi, ko an toshe da leda, a hunturu kuwa ƙura ta samu ƙofa. Murfin yana da zanen gilashi da ruwa na fesawa, ka lura da shi da kyau don kar wani ya zuba maka ruwan lagireto a ciki ko ya zuba na sabulu a tankin lagireto, na ga duka biyun. Sannan ka riƙa jan sandar ko sau biyu a sati ko da rani ne, famfon da ya yi wata biyar bai juya ba shi ne ke ƙamewa ranar ruwan farko.

Inda ba zan iya ce maka komai daga nan ba

Ban ga motar ba, ban ji ƙarar ba, kuma mota 'yar Kwatano mai shekaru irin wannan ba ka san hannu nawa ya taɓa wayarinta ba, na sha buɗe wadda aka yi wa haɗe-haɗen da ba ya cikin kowane zane. Duk abin da na faɗa a kan wuta ya dace da Corolla ɗinka da sa'o'inta masu sauƙin waya. Motoci irin Peugeot 307 da 407 da sababbin da ke shigowa yanzu, umarnin sandar sai ya bi ta kwamfutar mota, a Peugeot ita ake kira BSI, su kam in fiyus da famfo lafiya kar a yi ta yanke waya ana gwaji, a kai wa mai na'urar dubawa.

Kai dai gobe da safe kafin ka kama hanya ka yi gwaji biyun nan, ba za su ci maka minti 10 ba, ka saurari ƙarar, sannan ka zare tiyo daga nozul ka ga ƙarfin ruwan. In ka ji ƙara, ka ce wa yaron ya zaro famfon ya wanke rariya da tanki da nozul a gabanka, kuɗin aiki kawai za ka biya. Kafin a gyara kuma ka ajiye robar ruwa lita ɗaya da rabi da tsumma mai laushi a mota, in gilashi ya ɓaci ka sa sigina ka sauka gefen titi sosai ka wanke, kar ka miƙo hannu ta taga kana watsa fiya wata mota na gudu. Ka dawo ka faɗa min abin da ka ji da abin da ya fito daga tankin, daga nan sai in san abin da zan ƙara maka. Allah ya tsare hanya.